Ciwon Ƙugu Mai Sauka Ƙafa: Yadda Za Ka Kula da Kanka a Gida

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan darasi a kan wani ciwo ne da yake damun mutane da yawa a Malanville da Gaya da ƙauyukan bakin Kwara. Yana farawa a ƙugu ko a ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka sha-raɓa, wani lokaci har tafin ƙafa da yatsu. Yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa. Wani ya ce kamar an ɗora masa garwashi. Wani ya ce kamar harbin kunama. Wani kuma ya ji kamar kiyashi suna yawo a ƙafar, ko ƙafar ta yi barci. Tari da atishawa da dogon zama suna ƙara shi. Ma'aikatan asibiti suna kiransa siyatik.

Ga abin da muke so ka riƙe tun daga farko. Yawancin masu wannan ciwo suna warkewa a gida, ba tiyata, cikin mako huɗu zuwa goma sha biyu. Abin da ake bukata shi ne motsi a hankali, da magani daidai gwargwado, da haƙuri. Amma akwai alamu kaɗan waɗanda ba a kwana da su a gida. Dole ka san su.

Daga ina ciwon yake fitowa?

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne da aka jera, ɗaya kan ɗaya. Biyar daga cikinsu suna wajen ƙugu, su ne suke ɗauke da nauyin jiki da na kayan da ka ɗauka. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani abu mai taushi kamar gammo. Bayansa da ƙarfi, cikinsa da laushi. Aikinsa ya hana ƙashi gugar ƙashi.

Kusa da gammon nan jijiyoyi suke fitowa. Waɗannan dabam suke da jijiyoyin jini. Su ne suke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafa, da su kake jin zafi da sanyi, da su kake ɗaga ƙafa. Saiwoyi biyar suna haɗuwa su zama babbar jijiya guda, wadda ta fi kowace jijiya girma a jikin mutum. Kaurinta ya kai na ɗan yatsa. Tana ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu wajen bayan gwiwa, ta ƙare a ƙafa.

Idan bayan gammo ya tsage, abin da yake ciki sai ya bulo waje, ya danne saiwar jijiya, wurin ya kumbura. Cikin masu wannan ciwo goma, wajen tara wannan ne sanadinsu. Ya fi kama mutum tsakanin shekara 30 da 50, wato lokacin ƙarfinsa na aiki. A wajen tsofaffi kuma, sau da yawa hanyar da jijiya take bi ce ta ƙuntata saboda shekaru. Su ciwon yakan taso musu in sun yi tafiya, ya lafa in sun zauna ko sun ɗan sunkuya.

Manomin shinkafa zai gane wannan da sauri. In magudanar ruwa ta toshe daga sama, gonar da take can ƙarshe ita take bushewa, amma gyara yana wurin da ya toshe. Haka nan kana jin zafi a sha-raɓa, alhali tushen ciwon yana ƙugu. Shi ya sa duk abin da aka yi wa ƙafar ba ya kai ga tushen.

Abin farin ciki, jiki yana da nasa gyara. Abin da ya bulo daga gammo yakan bushe, ya motse, jiki ya shanye shi kaɗan kaɗan. Kumburin ya sauka, jijiya ta sami sarari. Wannan yana ɗaukar makonni.

Alamun da ba a kwana da su

Kafin ka fara jinya a gida, ka duba waɗannan. In ka ga ko guda ɗaya, a kai ka asibiti a ranar, ko da dare ne.

1. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba.
2. Ba ka iya riƙe bayan gida.
3. Wurin da yake taɓa sirdi in an hau doki ya mutu, wato tsakanin cinyoyi da gaba da dubura. Alal misali, kana tsarki ba ka jin ruwa ko hannunka.
4. Ciwo ko mutuwar jiki ya kama ƙafa biyu gaba ɗaya.
5. Ƙafa tana rasa ƙarfi, tana jan ƙasa, silifa tana suɓucewa ba ka ji ba, ko gwiwa tana lanƙwashewa.
6. Ciwon ya fara ne bayan faɗuwa daga mota ko itace ko ɗaki, ko haɗarin babur.

Alamu huɗu na farko suna nuna an danne jijiyoyin da suke riƙe fitsari da bayan gida. In aka yi tiyata da wuri, ana iya ceto su. In aka bari kwanaki suka wuce, mutum yana iya zama haka har ƙarshen ransa. Mun san magana ce mai nauyi a baki, musamman ga mace ko dattijo. Ka faɗa wa likita a fili. Kunyar minti ɗaya ta fi wahalar shekaru sauƙi.

Akwai kuma alamun da za ka je asibiti cikin kwana biyu ko uku: zazzaɓi, gumin dare, rama, tarin da ya wuce mako biyu, ƙullutu ko doro da ya fito a baya, ciwon da ba ya lafawa ko kana kwance. Tarin fuka yana iya cin ƙashin baya, kuma a ƙasashenmu ana ganin haka. Yana warkewa in an kama shi da wuri, maganinsa kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na Benin da Nijar. Haka nan yaro, da mai sikila, da mai sida, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, kada su yi jinyar ciwon baya a gida sai likita ya gan su. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, wannan wani ciwo ne dabam na jijiyar jini. Kada a murza ta, a je asibiti a ranar.

Ina za a je? A fara da asibiti mafi kusa, a Guéné ko Garou ko Madécali ko Karimama. A cikin Malanville akwai asibitin yanki na Malanville da Karimama. Wanda yake bukatar tiyatar ƙashin baya, akan tura shi babban asibitin Paraku, tafiyar da ta wuce kilomita 300. Tafiya ce mai nisa da kuɗi. Saboda haka in alamu huɗun farko suka bayyana, dangi su fara neman mota da haɗa kuɗi nan take.

Kada ka kwanta jinya

In babu ko ɗaya daga cikin alamun nan, to gida ne wurin jinyarka. Da can likitoci suna cewa mai wannan ciwo ya kwanta mako biyu. An gwada wannan a ƙasar Holan, aka buga sakamakon a 1999. An raba masu ciwon su 183 kashi biyu. Kashi ɗaya suka kwanta mako biyu, ɗayan suka ci gaba da ɗan motsinsu. Bayan mako goma sha biyu, mutum 87 cikin 100 sun sami sauƙi a kowane kashi. Kwanciyar ba ta ƙara musu kome ba. Doguwar kwanciya ma tana raunana naman baya da na ƙafa, tana sandarar da gaɓoɓi, tana kawo taurin bayan gida.

In ciwo ya yi tsanani, ka huta kwana ɗaya ko biyu. Ko a cikin kwanakin nan ka riƙa tashi kana zagaya tsakar gida. Daga nan ka fara tafiya a ƙasa mai laushi, minti biyar, sau huɗu ko biyar a yini, da sassafe da yamma in rana ta yi sanyi. Kullum ka ƙara minti ɗaya ko biyu. In sanda tana taimakonka, ka riƙe ta. Sannu ba ta hana zuwa.

Ɗan zafin da kake ji wajen tafiya ba ya nuna kana ɓata jijiyar. Ga yadda za ka gane. In ciwo yana janyewa daga ƙafa yana komawa ƙugu, sauƙi ne yake zuwa, ko da ƙugun ya ƙara ciwo. In kuwa yana ƙara sauka zuwa yatsu, ka bar abin da kake yi, ka rage.

Kwanciya, zama da tashi

Ka kwanta ta gefen da ba ya ciwo, ka ɗan tanƙwashe gwiwoyi, ka sa matashi ko zane a naɗe tsakaninsu. In rigingine ka fi so, ka sa matashin ƙarƙashin gwiwoyi. Gadon da ya lotsa a tsakiya ba shi da kyau. Gara katifa ko bargo a kan tabarma.

Wajen tashi, kada ka yunƙura kai tsaye. Ka juya gefe tukuna, ka dogara da hannuwa, ka ɗaga jiki a hankali. In a ƙasa kake, ka durƙusa kan gwiwa, ka kama bango ko kujera ka miƙe.

Zama ya fi tsayuwa matsa wa gammo, musamman zama a 'yar gajeriyar kujera ko a ƙasa da miƙaƙƙun ƙafafu. Ka nemi kujera mai tsawo da wurin jingina, ka sa zane a naɗe a bayan ƙugu. Kada ka wuce minti 20 zuwa 30 ba ka tashi ba. A wurin ibada ko taro, ka zauna a bakin layi inda za ka iya miƙewa ba ka dami kowa ba. In sunkuyo yana tayar da ciwon, ka yi ibadarka a yadda jikinka zai iya har ka warke.

Nishi a ban ɗaki yana tayar da ciwon ƙwarai. Ka sha ruwa da yawa, ka ci ganye kamar zogale da rama, da kuɓewa da gwanda da wake. A kafa sanda ko a ɗaura igiya a ban ɗaki don ka kama wajen tsugunawa da tashi. In tari ko atishawa za su zo, ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu.

Ɗumi yana rage zafi. Ka tsoma zane a ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora a ƙugu minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. A gwada zafinsa da hannu tukuna. Kada a ɗora abu mai zafi a fatar da ta yi barci, don za ta ƙone ba ka ji ba. Mai ciwon sukari ya ƙara kiyayewa. Tausa mai laushi da man kaɗanya ba laifi. Amma kada kowa ya taka maka baya, kada kuma a ja ƙafar da ƙarfi.

Motsa jiki iri uku

Ka yi su a kan tabarma, safe da yamma, a hankali, kana numfashi.

Na ɗaya. Ka kwanta rub da ciki minti biyu ko uku. In ya yi maka daɗi, ka ɗaga ƙirji ka dogara da gwiwar hannu, ƙugu yana ƙasa. Ka ƙirga goma, ka sauka. Sau biyar zuwa goma. Wannan ya fi taimakon wanda zama yake tayar masa da ciwo.

Na biyu. Ka kwanta rigingine, ka kama gwiwa ɗaya da hannu biyu, ka jawo ta wajen ƙirji. Ka ƙirga ashirin, ka saki, ka canja ƙafa. Sau uku kowace ƙafa. Wannan ya fi taimakon tsoho wanda tafiya take tayar masa da ciwo.

Na uku. Kana rigingine, ka riƙe bayan cinyar ƙafa mai ciwo. Ka miƙe gwiwar a hankali har ka fara jin ja, ka tsaya nan, ka mayar. Sau goma. Kada ka matsa har zafi ya harba.

Ba kowane motsi ne yake karɓar kowa ba. Wanda ya tura ciwo ƙasa, ka bar shi. Wanda ya janyo shi sama, ka riƙe shi.

Kowace safiya ka gwada ƙarfin ƙafa. Ka dafa bango, ka taka a kan dunduniya taku biyar, sannan a kan yatsu taku biyar. In jiya ka iya, yau ka kasa, ka je asibiti.

Magani

Parasitamol: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, sau uku ko huɗu a yini, da tazarar awa shida. Kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. Mai ciwon hanta ko mai shan giya ya tambayi likita tukuna.

Ibuprofen: miligiram 400, sau uku a yini, bayan cin abinci, kwana bakwai ko ƙasa da haka. Kada mai gyambon ciki ya sha, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon zuciya, ko mace mai ciki. Tsoho da mai hawan jini da mai asma su tambayi ma'aikacin lafiya. Kada a haɗa shi da diklofenak, don dangi ɗaya ne, haɗa su yana iya fasa ciki. In bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ka daina sha, ka je asibiti nan da nan.

Magungunan nan suna rage zafi ne don ka iya tafiya da barci. Wani lokaci ba sa kashe shi duka. In zafi ya hana ka barci kwana da kwanaki, likita yana da wasu magunguna na ciwon jijiya da zai iya rubuta maka. Ka sayi magani a kantin magani na gaskiya.

Abubuwan da suke ƙara ɓarna

Tramadol na kasuwa. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne. Wanda ake sayarwa a tasha da kan tire yakan kai 120 ko 200 ko 225. Yana ɓoye gajiya da zafi, sai ɗan dako ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma kawo farfaɗiya.

Ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. Sau da yawa akwai deksametazon a ciki. Kwana biyu za ka ji garau. In ka daɗe kana sha, fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni.

Allura a ɗuwawu a hannun wanda bai koya ba. Babbar jijiyar nan a cikin ɗuwawu take. Allurar da ta same ta tana iya shanye ƙafa. Yara da yawa a Afirka ta Yamma sun gurgunce ta haka, musamman da allurar kinin. Allura ba ta fi ƙwaya warkar da wannan ciwo ba.

Tsaga da ƙaho da lalas. Mun faɗa, tushen ciwon yana can ciki kusa da ƙashin baya. Aska ba ta kai wurin, baƙin jinin da ƙaho ya fitar kuma ba shi ne ciwon ba. Abin da yakan biyo baya shi ne gyambo, ko tetanus, ko ciwon hanta da sida in askar ta taɓa wani. Mutum yakan ce an yi masa tsaga ya warke bayan wata guda. Da bai yi ba ma, watan nan guda ne zai warkar da shi.

Komawa aiki

Mun san ɗan dako a kasuwar Malanville abin da ya samu yau shi iyali za su ci yau. Ba za mu ce ka zauna wata uku ba. Ka koma aiki da wuri, amma mai sauƙi: tsaron kaya, awo, ɗinkin buhu, korar tsuntsu a gona. Kaya masu nauyi su jira kamar mako shida, sannan ka fara da kaɗan.

Ɗan dako: buhun masara ko albasa mai kilo 100 na mutum biyu ne, ko na amalanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tsuguna, ka manna kayan a jikinka, ka tashi da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, ka juya da ƙafafu.

Manomi: wajen dashen shinkafa da noma da gajeriyar fartanya, ka miƙe bayan kowace kunya, ka dafa ƙugu, ka ɗan gantsare sau biyar. In da hali, ka sa wa fartanya doguwar ƙota.

Direban babbar mota tsakanin Kwatano da Malanville, da ɗan kabu-kabu, da tela: dogon zama da girgiza su ne abokan gabarku. Ku sauka ku taka kowace awa ɗaya ko biyu. Ku cire walat daga aljihun baya.

Ke kuma uwargida, ki ɗaura wa tsintsiya sanda. Ki ɗora bahon wanki a kan benci. Ki raba jarkar ruwa mai lita 25 gida biyu, a kama miki wajen ɗorawa a ka. Daka da goyon babban yaro a ba wani har ki ji sauƙi. In kina da ciki, ki tsaya ga parasitamol da ɗumi da kwanciyar gefe, ki kuma faɗa a wurin awo. Maigida da dangi, ku ɗauke mata aikin makonnin nan. Ya fi muku arha da jinyar shekara.

Taba tana rage jinin da yake ciyar da gammo, tana jinkirta warkewa. Ƙiba kuma tana ƙara wa ƙugu kaya.

Yaushe za ka dawo asibiti?

In mako huɗu zuwa shida sun wuce ba sauƙi, ko ciwo yana ƙaruwa, ka zo a duba ka. Kada ka ji haushi in likita bai sa a ɗauki hoto ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gammo ko jijiya, yawancin masu ciwon kuma ba sa bukatarsa. Tiyata ta mutane kaɗan ce. A wani gwaji da aka buga a 2007, a Holan ɗin dai, an bi mutum 283. Waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara guda kusan 95 cikin 100 sun warke a kashi biyun duka. Saboda haka kada ka sayar da gona ko sa don gaggawar tiyata, sai in likita ya ga alamar haɗari ko ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ciwon yana iya dawowa. In ka warke, ka ci gaba da tafiya kullum da motsa jikin da ya karɓe ka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ake jin zafi a ƙafa alhali tushen ciwon yana ƙugu?
2. Ku faɗi alamu shida da ba a kwana da su a gida.
3. Yaya za ka gane ko motsin da kake yi yana taimakonka?
4. In wani a ƙauyenku ya kasa fitsari da dare, wa yake da mota ko babur ko jirgi? Ina za a sami kuɗin tafiya? Ku shirya wannan tun yau.
5. Wane aiki za ku iya ɗauke wa maƙwabci ko maƙwabciya mai wannan ciwo har mako shida?

Ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya.